Kumburi Daban, Ƙiba Daban

Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga matan ƙasar Gobir: na Sabon Birni da Gatawa da Tsamaye da Unguwar Lalle da Kurawa, da na Isa da Turba da Bafarawa da Gebe da Kamarawa, har da 'yan'uwanmu da rashin zaman lafiya ya tsallakar da su iyaka, suna zaune wajen Gidan Runji a jihar Maraɗi. Allah ya kawo mana sauƙi, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Yau maganar ɗiyanmu za mu yi. In kina tankaɗe ko kina tsintar wake ki ci gaba da aikinki, kunne kaɗai nake roƙo. In akwai kishiya ko surukuwa a kusa, ki kira ta ta zo ku ji tare, don wagga magana ta shafi duk gidan da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara 5.

Kowace uwa ta san yaron da tamowa ta ramar. Haƙarƙari a waje, fatar ɗuwawu ta yi yaushi, fuska kamar ta tsoho. Irin wannan ita ta fi yawa a ƙasarmu, kuma ba ta ɓuya, ko baƙo ya shigo gida zai gane. Amma akwai tamowa ta biyu mai yaudara. Yaro zai cika, ƙafafu su yi luhu-luhu, kumatu su fito, har maƙwabciya ta ce, "Kai, wane ya murmure!" Alhali ruwa ne ya taru masa a jiki. In kin lura za ki ga gashinsa ya yi laushi ya yi ja-ja, yana tsigewa ba wuya. Fatarsa tana duhu tana saɓulewa. Ba ya wasa, ba ya dariya, in an taɓa shi sai kuka, in an ba shi abinci sai ya kau da kai. Wanga yaro yana cikin haɗari babba, kuma magungunan da muka saba ɗurawa a gida su ne suka fi saurin ƙarasa shi. Dalilin haka nake so mu fahimta yau.

Likitoci suna kiran wagga cuta kwashiyoko. Kalmar ba ta Turawa ba ce, daga harshen Ga na ƙasar Gana ta fito. Wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a Ankara, babban birnin Gana, ita ta shigar da sunan cikin littattafan likitanci a 1935, kamar yadda ta ji matan wurin suna faɗa. Ma'anarsa kuwa, ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙane. Kun ga ashe abin da muke kira gwanne ne, su ma can sun san shi.

Girman matsalar tamowa a yankinmu ba ɓoyayye ba ne. A watan Yuni na 2024, ƙungiyar likitocin nan ta MSF tare da ma'aikatar lafiya ta jihar Zamfara sun auna yara sama da 97,000 a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, suka tarar fiye da yaro ɗaya cikin kowane huɗu yana da tamowa. Shinkafi kuwa maƙwabciyar Isa ce, kasuwarmu ɗaya, damuwarmu ɗaya. Gonakin da aka kasa nomawa, da dabbobin da aka kore, da nonon da ya yi wuya, duk a jikin yara suke fara nunawa.

To, mi ke faruwa a cikin jikin yaron da ya kumbura? Bari mu shiga ciki sannu a hankali.

Kin taɓa duba saƙar zuma? Ɗaki-ɗaki take, kowane da bangonsa. Haka Allah ya gina jikin ɗan Adam, da 'yan ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira ƙwayoyin halitta. A jikin babban mutum akwai kimanin tiriliyan 30. Kowane ɗaki akwai ruwa a cikinsa, akwai ruwa a wajensa, kuma ruwan nan biyu ba iri ɗaya ba ne. Na waje yana da yawan wani sinadari mai suna sodiyam, shi ne wanda ke cikin gishirin miyarmu. Na ciki kuma yana da yawan wani mai suna fotashiyam, wanda muke samu daga wake da ganye da kabewa da dankali da dabino. Lafiyar jiki tana ga wannan rabo: sodiyam a waje, fotashiyam a ciki. Da shi zuciya ke bugawa, da shi jijiya ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu, da shi hanji ke tsotse abinci, da shi ƙoda ke tace fitsari.

Sai dai sodiyam ba ya zama inda aka ajiye shi. Kullum yana tsattsafowa cikin ɗaki, kamar yadda ruwa ke tsattsafowa cikin kwalekwale a Gulbin Rima. Kuma duk inda gishiri ya nufa, ruwa na biye da shi. Ku da kanku kun sani, in kin barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa, ba a jimawa za ki ga ta yi ruwa. Mai kwalekwale ba ya raba hannunsa da ƙwarya, yana tuƙi yana kwarfe ruwa. Haka kowane ɗaki na jikinmu yake da masu kwarfe nasa, wasu 'yan mitsi-mitsin famfuna da ke dashe a jikin bango. Aikin famfon guda ne: ya kamo sodiyam 3 ya jefa waje, ya kamo fotashiyam 2 ya shigo da su. Uku waje, biyu ciki. A sakan ɗaya yana iya juyawa kusan sau 100, kuma tun muna cikin ciki yake aiki, ba dare ba rana, har ranar da rai ya yi halinsa.

Wanda ya gano wanga famfo wani likita ne ɗan ƙasar Denmak, Jens Christian Skou, a 1957, yana bincike a kan jijiyar ƙaguwa. Sai bayan shekara 40, a 1997, aka ba shi kyautar Nobel saboda wannan aiki. Famfon nan yana da ci ƙwarai. Ko kina kwance ba ki komai, kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da jikinki ke samu daga abinci, ko ma fiye, wajen juya famfunan nan yake tafiya. A ƙwaƙwalwa kuwa abin ya kai wajen rabi. Wato a duk loma biyar ta tuwo, ɗaya ladan masu kwarfe ce.

Yanzu sai mu zo ga abin da ke ɓata famfon. Kin fasa goro kin ajiye, kin dawo kin tarar ya sauya launi. Kin bar wuƙa a waje da damina, ta yi tsatsa. Man gyaɗa ya daɗe a buɗe, ya juya ya yi wari. Duka ukun aikin abu guda ne, iskar oksijin, wadda muke shaƙa. Ita ce rayuwarmu, ita ce kuma mai cin ƙarfe. A cikin kowane ɗaki na jiki akwai 'yan murahu inda ake ƙona abinci da wannan iska don a samu ƙarfi. Kuma duk mai girki ta san wuta ba ta ci ba tartsatsi. Haka wutar jiki take fitar da nata tartsatsin, wasu 'yan guntayen sinadarai marasa natsuwa, waɗanda duk abin da suka faɗa wa sai sun ƙona shi. Kaɗan daga cikinsu na da amfani, don da su sojojin jini ke kashe ƙwayoyin cuta. Amma in yaro ya yi baƙon dauro, ko zazzaɓin cizon sauro, ko gudawa mai daɗewa, ko yana cin gyaɗa da masarar da suka yi hunhuna, sai tartsatsin ya yawaita.

Allah da ya halicci wutar bai bar ta ba tulun ruwa a gefe. Jiki yana haɗa wani sinadari mai suna gulutatayon, wanda aikinsa kashe tartsatsi tun bai kama komai ba. Daga abinci mai gina jiki ake haɗa shi, musamman wanda ke ɗauke da sinadarin farar wuta, irin su ƙwai da kifi da nama da nono da riɗi. Kin san warin ruɓaɓɓen ƙwai? To, farar wutar da ke cikinsa ce kike ji. Bitamin na ganye da 'ya'yan itace su ma suna taya shi aiki. Idan tartsatsi ya fi ƙarfin abin da ke kashe shi, shi ne masana ke cewa jiki ya shiga matsin oksijin. Mu a nan sai mu kira shi tsatsar jiki.

Tsatsar jiki tana taɓa famfon ta hanya uku.

Ta farko, dabaibayi. A jikin famfon akwai wasu 'yan wurare masu ɗauke da farar wuta. Idan tartsatsi ya yawaita, sai gulutatayon ɗin nan, wanda da mai kariya ne, ya je ya manne a ɗaya daga cikin wuraren. Da ya manne, famfo sai ya rage gudu, kamar jakin da aka yi wa dabaibayi. Masu bincike a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, cikinsu har da wata likitar zuciya, Gemma Figtree, su suka nuna haka a 2009, a ƙwayoyin zuciyar dabbobi. Abin daɗin shi ne dabaibayi ana kwance shi. Jiki yana da wani sinadari da ke zuwa ya ɓalle abin da ya manne idan ƙura ta lafa, famfo ya koma aikinsa. Mannewar ma tana da wani alheri, don tana rufe wurin kada ya ƙone gaba ɗaya.

Ta biyu, ƙuna. Idan tartsatsi ya ci gaba kwana da kwanaki, sai oksijin ta kama jikin famfon kamun da ba ya sakuwa. Wannan kam ba gyara, sai jiki ya rushe shi ya ƙera sabo. Ƙera sabo kuwa sai da abinci mai gina jiki, abin da yaro mai tamowa ya rasa.

Ta uku, yoyo. Bangon ɗakunan nan da maiƙo aka yi shi. Yadda man gyaɗa ke juyawa in ya sha iska, haka tartsatsi ke juya maiƙon bango, sai bango ya soma yoyo. Sodiyam ya riƙa kwararowa ciki, fotashiyam yana zurarewa waje.

Ku dawo da ni wajen yaronmu. Likitocin da suka daɗe suna nazarin tamowa a ƙasar Jamaika, irin su John Patrick da Michael Golden, sun auna ƙwayoyin jinin yara masu tamowa a shekarun 1970. Suka tarar sodiyam ya taru a cikin ɗakunan, fotashiyam ya ragu. A wajen yaron da ya rame, famfunan ne suka rage gudu, don jiki yana tsimin ɗan ƙarfin da ya rage masa, kamar yadda kike rage itace a murhu in ya kusa ƙarewa. A wajen yaron da ya kumbura kuwa, yoyon bango ne ya yi yawa, famfo yana ta fama amma ruwan da ke shiga ya fi wanda ake kwarfewa. Aka kuma tarar gulutatayon ya yi ƙasa ƙwarai a jinin masu kumburi. Wannan ya sa a 1987 Golden da abokin aikinsa Ramdath suka kawo bayanin cewa tsatsar jiki na da hannu a ciwon kwashiyoko. A 2002 an sake gwadawa a Jamaika, aka ƙara wa yara masu kumburi sinadarin da ake haɗa gulutatayon da shi, sai nasu ya farfaɗo, kumburin kuma ya fi saurin saɓewa. Amma da aka raba wa yara sama da 2,000 garin bitamin masu kashe tartsatsi a ƙasar Malawi, sakamakon da ya fito a 2005 ya nuna garin kaɗai bai hana ciwon kama su ba. Darasin a nan shi ne, ciwon yana da hannuwa da yawa, kuma babu wata ƙwaya ko wani gari na kanti da zai maye gurbin abinci. Duk wanda ya shigo miki gida da kwalba yana cewa maganin tamowa ce, riƙe kuɗinki ki sai ƙwai.

To, tunda mun ga abin da ke ciki, yanzu za ki gane dalilin abubuwa biyar da ba a yi wa yaro mai kumburi.

Na ɗaya, kada ki ƙara masa gishiri, ko dunƙulen miya, ko kanwa. Jikinsa ya riga ya cika da sodiyam, masu kwarfe sun gaji. Kanwa kuwa, ko ja ko ungurnu, mafi yawanta sodiyam ce. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan shan kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Abin da ya iya kayar da zuciyar babbar mace, ina ga ta yaron da yunwa ta cinye?

Na biyu, kada ki sayo masa maganin ƙarin jini, ko da kin ga tafin hannunsa ya yi fari. Maganin ƙarin jini ƙarfe ne a cikinsa. A jikin mai lafiya akwai abin da ke ɗaukar ƙarfen ya kai shi inda ake bukata. A jikin mai tamowa wannan ɗan dako ya yi ƙaranci, sai ƙarfen ya riƙa yawo sakaka, yana hura tartsatsi, yana kuma ciyar da ƙwayoyin cuta. Ko a asibiti ba a ba shi ƙarfe sai ya soma cin abinci da marmari yana ƙara nauyi, galibi a mako na biyu.

Na uku, kada a karɓo masa ƙwayar sa fitsari a kemis don kumburi ya saɓe. Ƙwayar tana wanke ɗan fotashiyam ɗin da ya rage masa, zuciya kuwa ba ta bugawa daidai in ba shi. Haka jiƙe-jiƙen wankin ciki da ke sa gudawa.

Na huɗu, kada a kai shi wajen wanzami a yi masa tsaga ko sakiya a kan kumburin. Ruwan ba ya fita ta nan, kuma fatarsa ba ta da ƙarfin warkewa, ƙofa kawai aka buɗe wa cuta.

Na biyar, kada ki yi masa ɗura, kada ki cika masa ciki da abinci mai nauyi don ki ga ya tashi da wuri. Wannan shi ya fi ba iyaye mamaki. A 1977 John Patrick ya rubuta a kan yaran da suka mutu bayan sun soma samun sauƙi. Bayanin da ya kawo shi ne, in abinci ya zo da yawa lokaci ɗaya, famfunan da suka yi barci sai su farka gaba ɗaya, su kwarfo sodiyam ɗin da ya taru su zuba cikin jini, ruwa ya biyo shi, jini ya yi wa 'yar zuciyar yawa ta kasa. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kuma maganar ruwan gishiri da sukari. Ina roƙon ku ji ni da kyau, kada a ce na hana. Ga yaro mai ƙoshin jiki da gudawa ta kama, ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zinki ceton rai ne, ku ci gaba da ba shi. Amma yaron da ya kumbura ko ya rame ƙwarai, akwai nasa na daban a asibiti, ana kiransa ReSoMal. Sodiyam ɗinsa bai kai na wanda muka saba ba, fotashiyam ɗinsa kuwa ya ninka, kuma da awo ake ba shi, ma'aikaci na duba numfashinsa. Saboda haka mai kumburi in ya haɗa da gudawa, asibiti za a nufa da shi a ranar.

Ta yaya za ki bambanta kumburi da ƙiba? Ba ki bukatar fita, ba ki bukatar ko kwabo. Zaunar da yaron a cinyarki. Ki kama ƙafafunsa biyu, ki ɗora manyan yatsunki a bayan ƙafar, wato saman tafin. Ki danna a hankali, ki ƙirga ɗaya, biyu, uku, ba da gaggawa ba. Sai ki ɗaga. In naman ya taso nan take, ƙiba ce, alhamdu lillahi. In kuwa gurbin yatsunki ya zauna kamar kin danna curin fura, kuma a ƙafa biyun duka, to ruwa ne. Ko tamowa ce ta kawo shi, ko ciwon ƙoda, ko na zuciya, duka ukun na asibiti ne, kuma ba a kwana da su. Ki riƙa wannan gwaji kowace Juma'a bayan kin yi masa wanka. In ma'aikatan lafiya sun ba ki ɗan tef ɗin nan mai launi uku na auna damtse, ki haɗa da shi, ga yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Kore lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, haɗari ne. Amma ki sani mai kumburi tef na iya nuna kore alhali yana cikin haɗari. Shi ya sa gwajin yatsa ba a barinsa.

Na san halin da muke ciki. Mace ba ta fita sai da izinin maigida, maigida kuma wataƙila yana kasuwar Shinkafi, ko ya tafi cin rani. Hanya ba ta biyuwa da dare. To, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yau, yaro na lafiya, ki samu maigida lokacin da hankalinsa ke kwance, ki nuna masa gwajin yatsa da hannunsa. Ki roƙe shi izini tun yanzu, cewa duk ranar da kika ga wannan alama ba ya gida, ya yarda ki tafi da rakiyar innarsa ko ƙanensa. Ku ajiye ɗan kuɗin mashin a gefe, kada a taɓa. Ku kuma iyayenmu surukai, maganarku tana da nauyi a wajen ɗiyanku maza, ku taimaka. Maigida da ke jin mu ta bayan zana, Allah ya ƙara arziki, wannan amana a wuyanka take.

In za ku kama hanya, ki goya shi a jikinki fata da fata, ki rufe masa kai, don mai tamowa sanyi na kama shi ko da rana. In yana shan nono ki ci gaba da ba shi. In an yaye shi, ki jiƙa ƙaramin cokali ɗaya na sukari a ruwa mai tsabta kamar babban cokali uku da rabi, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, ba gishiri. Ki nufi asibitin da ya fi kusa, ko babban asibitin Isa ko na Sabon Birni, ki ce wa ma'aikaci, "Na danna ƙafarsa ta lotsa." Su za su duba su ce ko kwanciya ce ko a gida za a yi jinya.

In an kwantar da ku, za ki ga ana ba shi wata madara tsararo mai suna F-75, 'yar kaɗan, duk bayan awa 2 ko 3, har cikin dare. Kada ki raina ta, kada ki saya masa wani abu a ɓoye. An haɗa ta ne daidai ƙarfin famfunan da suka gaji: sodiyam kaɗan, fotashiyam da yawa, ba a ƙara mata ƙarfe ba. Cike giɓin fotashiyam yakan ɗauki mako 2 ko fiye. Kuma a kwanakin farko za ki ga yaron yana raguwa, sikeli yana sauka. Kada gabanki ya faɗi, ruwan ne ke fita, ramar da kumburi ya ɓoye ce ke bayyana. Ranar da ya yi miki murmushi ya miƙo hannu yana neman abinci, to an kwance dabaibayi.

Daga nan sai a koma ga abincin nan na leda mai gyaɗa, wanda wasu ke kira kwamaso. Wani likita Bafaranshe, André Briend, shi da wani kamfani suka haɗa shi a 1996. A yunwar 2005, ƙungiyar MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 a Nijar, mafi yawansu nan maƙwabtanmu a jihar Maraɗi, kuma akasarinsu a gida iyayensu mata suka yi jinyarsu da wannan leda. Wato hannun uwa ne ya yi aikin. Amma magani ne, an ƙirga shi daidai jikin mai ciwo. Kada a raba wa yayyensa, kada maigida ya sha da koko, kada a kai kasuwa.

Sauran magana ita ce rigakafi. Wata 6 na farko nono zalla, ko ruwa ba a ƙarawa. Daga nan a soma abinci, nono kuma ya ci gaba har shekara 2, kamar yadda ya zo a cikin Alƙur'ani mai girma. In ciki ya shiga kina goyo, nononki bai zama guba ba. Abin da ke kayar da yaro shi ne a cire shi rana ɗaya a kai shi gidan kaka, ga kewa, ga koko tsararo. Ki ci gaba da ba shi, ki ƙara cin abinci ke ma, in yaye ya zo a yi shi sannu-sannu.

Kunun yaro ya yi kauri, ya zauna a cokali. In da hali ki soya gero gwangwani 6, waken suya 3, gyaɗa 1, ki kai niƙa ki ajiye kina dama masa. Ki tsince gyaɗar da ta yi baƙi ko ta yi ɗaci ki zubar, kada a ce ta yara ce. In ba waken suya, waken gida ma ya yi. Ki barbaɗa masa garin zogale, ko dakakken busasshen kifi, ko garin fara, ko riɗi, ko ƙuli-ƙuli. Miyar kuka, da lalo, da rama, da kabewa, da ɗan garin 'ya'yan kuka a kunu, duk suna kai fotashiyam da bitamin. In kina da kaza, kada ki sayar da ƙwan duka, ki dafa masa ɗaya. Zancen wai ƙwai na sa yaro sata ba shi da tushe. Farar wutar da ke cika masa tulun kashe tartsatsi a nan take. Ki ware masa kwanonsa, don in an haɗa shi da manya kafin ya kai loma biyu an sauɗe. A yi masa allurar baƙon dauro in ya kai wata 9, a kwana cikin gidan sauro, a wanke hannu da sabulu ko toka kafin a ba shi abinci.

'Yan'uwana, da an rufe rediyo, kowace ta jawo ɗanta ta danna ƙafarsa, ta ƙirga uku. Ki gwada wa na kishiya, ki koya wa 'yar da kike aike ta kai wa maƙwabta. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiya lafiya, ya zaunar da ƙasarmu.